A Hagu Nake Ɗaura Akwatin

Jiya da hantsi ina kwance a cikin jirgin Ishaya, kaina a ƙarƙashin benci, ina bin wata waya da ta daina kawo wuta, sai na ji samarin da ke zama a gindin ɗorawar bakin gaɓa sun ɗauko zancena. Sun ɗauka ba na ji. Ɗaya ya ce, "Wai wannan ma har sana'a ce? Kebul biyu da noti huɗu." Wani ya ce ya kalli yadda ake yi a salularsa, ko shayinsa bai huce ba mutumin ya gama. Na ukun ya yi dariya ya ce, "Shi Baba Ilu ma a baibai yake ɗaurawa. Duk duniya dama, shi kuwa hagu."

Ban fito ba, don aikin da ke hannuna ya fi su muhimmanci. Amma ga amsar yanzu, su karanta a salular tasu. Gaskiya ne, a hagu nake ɗaura akwatin, kuma a hagu zan ci gaba da ɗaura shi har ranar da hannuna ya kasa riƙe sifana.

Bari in fara da bayanin aikin, saboda wanda bai taɓa zuwa Watari ba. Jiragen dam ɗin nan na katako ne, ƙanana, aikinsu ɗauko tumatir da albasa da mutane daga gonakin tsallake zuwa wannan gaɓar, inda motoci ke jira. Injin a bayan jirgi yake rataye. Da can direba a gindinsa yake zama, yana riƙe da hannun injin. To amma in aka jera kwandunan tumatir suka fi kansa tsawo, ba ya ganin gabansa, sai dai wani ya tsaya a goshin jirgi yana yi masa ihu. Shi ya sa masu jirage suka fara so a dawo da direba tsakiya, a yi masa kujera mai tudu da sitiyari, a kafa masa akwati mai liba a gefe. Ka tura libar gaba, jirgi ya tafi. Ka dawo da ita tsakiya, firi ke nan. Ka ja ta baya, ribas. Jirgi ba shi da birki, wannan libar ita ce birkinsa. Daga akwatin kebul biyu ke tafiya zuwa inji, ɗaya na giya ɗaya na totur, sai damin wayoyi na makunni da batir. Akwai kuma wata jar igiya da direba ke ɗaurawa a wuyan hannunsa, wadda da zarar ta fizge daga jikin akwati injin zai mutu. Haɗa waɗannan duka su yi magana da juna shi ne aikina.

A hannun Ba Modu na koya, Allah ya jiƙansa. Kakanninsa daga Barno suka zo, shi a Kano aka haife shi, amma ya yi shekaru a can Barnon yana gyara wa masunta injina kafin ya dawo. Ni lokacin na haura talatin, ina da shagon wayarin babura a Ɗanbatta, kuma ina ganin babu wayar da za ta gagare ni. Ranar farko ya miƙo mini waya biyu ya ce in haɗa. Na fere bakinsu, na murɗe, na naɗe da leda, na ɗan gasa da ashana, kamar yadda duk muke yi. Ya karɓa ya jefa a bokitin ruwan dam, ya ce in dawo bayan sati uku. Da na dawo ya ɓare ledar a gabana. Tagullar ta yi kore kamar gansakuka, ya taɓa ta da farce ta rabu biyu.

"A tudu kai gwani ne," in ji shi. "A ruwa kuwa yau aka haife ka."

Wata uku bai bar ni na taɓa akwati ba. Narka dalma kawai nake yi ina like waya da waya, shi kuma yana fizga da ƙarfinsa. Wadda ta rabu in sake.

A jakata yau akwai sifana biyu, lamba goma da sha biyu, da sukudireba, da filaya mai dogon baki, da ƙarfen narka dalma da nake zafafawa a garwashi, da gwangwanin giris, da igiyar awo, da wani tsohon faifai. Faifan ne samari suka fi yi wa dariya. Kebul ɗin giya ba ya son kwana mai tsini. Duk inda zai lanƙwasa a jikin jirgi sai in ɗora faifan a wurin, in kwanar ta fi bakin faifan matsewa to a sake masa hanya. Kebul ɗin da aka matsa zai yi aiki yau, ya yi gobe, ran da jirgi ya cika da mutane ya ƙi fita daga giya. Haka nan saitin firi. Sai akwati ya zauna a firi, inji ya zauna a firi, sannan ka riƙa murɗa bakin kebul rabi-rabi har raminsa ya hau ƙusarsa da kansa, ba tare da ka ja ko ka tura ba. Bayan nan ka cire batir, ka shiga ruwa, ka juya farfela da hannunka ka ji ko tana yawo. A salula ba a nuna wannan, don mai nunawar ba ya son wandonsa ya jiƙe.

Jirgin Ishaya shi ne na farko da na yi ni kaɗai. Ishaya mutumin wajen Shanono ne, shi ke ba da waƙa a cocinsu, kuma ladabinsa har ya so ya yi yawa. Na ɗaura masa akwati a dama, kamar yadda takardar cikin kwali ta nuna, kamar yadda Ba Modu ke yi. Na faɗi wannan ne don kowa ya sani: babu kuskure ko ɗaya a aikin nan. Dalma ta kama, kebul ya bi faifai, firi ya zauna daram.

Gaɓar nan tamu ba ta da matakala. Duwatsu ne da bututun injinan ban-ruwa. Jirgi mai kaya ba a bari ya daki ƙasa, don katako zai tsage, kwanduna su kife. Saboda haka akwai masu tarba, mutanen da ke shiga ruwa har gwiwa ko cinya su tare goshin jirgi da hannu, su juya shi a hankali. A lokacin Mati ne ya fi kowa iyawa. Wata biyu da gama aikina, Ishaya ya taho da tumatir maƙil, Mati na cikin ruwa yana jiransa. Sai Ishaya ya hango kawunsa a tsaye a gaɓa. Ya saki liba, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga, "Sannu da rana, Kawu!" Libar na nan a giya inda ya bar ta. Kafin hannun ya sauko ya lalubo ta, jirgin ya cinye tazarar da ta rage, goshinsa ya haɗa ƙafar Mati da dutse. Ƙashin ya karye wuri biyu.

Da na zo, abin da na fara gani shi ne jar igiyar nan a rataye jikin akwati, ba a hannun kowa ba. Na tambayi Ishaya dalili.

"Malam Ilu," ya ce, "duk sanda na ɗaga hannu zan gai da mutum sai ta fizge, inji ya mutu mini a tsakiyar ruwa. Sau nawa zan tayar a rana?"

Wasu suka ce tsautsayi ne, wasu suka ce sakacin Ishaya ne. Ni na ɗauki kujera 'yar tsugunne na zauna a gindin ɗorawar nan kwana uku, ba na kallon komai sai hannayen direbobi. Ban ga mutum ɗaya da ya iso gaɓa bai saki abin da ke hannun damansa ba. Wannan zai gai da dattijo. Wancan za a jefo masa igiya. Wani mace ce za ta miƙo masa goyo ya riƙe mata ta gyara zani. Duk da dama, don a nan ba a karɓar abu da hagu, ba a kuma ɗaga wa na gaba hagu sai in zagi ake nufi. Wanda ya tsara akwatin nan, ya tsara shi ne don wata ƙasa inda mutum zai iso gaɓa ya wuce babba bai ce masa komai ba, a kuma zauna lafiya. Mu ba haka muke ba. Ka gaya wa direba sau ɗari kada ya saki liba, uwarsa ta riga ka gaya masa ya gai da mutane, tun yana rarrafe. Daidai lokacin da birki ya fi bukatar hannu, a lokacin ne hannun ke da wani aikin. Laifin ba na Ishaya ba ne. Wurin da na ɗaura akwatin ne.

Mayar da shi hagu ba juya shi kawai ba ne, kamar yadda samarin ɗorawa suke zato. Ka juya shi haka nan, gaba ta koma baya. Sai ka buɗe cikinsa, ka zare libar ka mayar da ita ɗaya fuskar, ka sauya wa ƙusar totur rami. Akwai wani ɗan makunni a ciki da ke hana inji tashi in yana giya, shi ma sai ka sake wa wayoyinsa hanya don kada haƙoran ƙarfe su tauna su. Sannan ka sake awon kebul tun daga farko, don hanyarsa ta canza. Na farkon ya ci mini kwana huɗu, a jirgin Ishaya. Da na gama, hagunsa na kan liba, jar igiya na wuyan hannun hagu ba ta fizgewa, dama kuwa ta zama tasa, ya gai da duk wanda ya ga dama. Sitiyari in ka sake shi na ɗan lokaci jirgi na tafiya a hankali, babu inda zai je. Liba ce ba a saki. Daga ranar ban sake ɗaura akwati a dama ba, kuma shekaru suka wuce babu wanda ya ce mini don me.

Sai Alhaji Sabo, babban dillalin tumatir na gaɓar nan, ya sayi jirage uku da sababbin injina. Ya aiko aka kira ni, muka tsaya a gaban jama'a.

"Malam Ilu, an ce da hagu kake sa mutane tuƙi."

"Haka ne, Alhaji."

"Da hannun da ake tsarki da shi za a riƙa ja mini dukiya? Komai na alheri ai da dama ake fara shi."

"Alhaji, kulocin babur ɗinka a wane hannu yake?"

Mutane suka fashe da dariya. Wannan kam kuskurena ne, bai kamata in sa a yi masa dariya a bainar jama'a ba. Ya ɓata fuska.

"Jirgin nawa ne ko naka?"

"Naka ne, Alhaji. Amma ƙafafun da ke shiga gabansa ba naka ba ne."

Ya ba Nura aikin. Nura ya yi karatun kanikanci a birni, ya dawo da kayan aiki masu sheƙi. Ba zan yi masa ƙarya ba, hannunsa na da tsabta, yana like waya da dalma, ya san saitin firi. Ya ɗaura ukun a dama, kamar yadda littafi ya ce.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Aka sa wa aikina suna jiragen hagu. Aka ce ba su da albarka. Ƙananan masu jirage duk Alhaji ke sayen tumatir ɗinsu, sai suka bi shi. Biyu daga cikin waɗanda na yi wa aiki suka kai wa Nura ya mayar musu dama. Tun daga dashe har kusan ƙarshen tsinka, ban taɓa jirgin kowa ba sai na Ishaya. Na koma bin kunyoyin fadama da ƙafa ina wanke kabiretar injinan ban-ruwa, aikin da na bari tun ina saurayi. Ƙarfen dalmata ya yi tsatsa a jaka. Wani mai jirgi ya same ni har gida ya ce, "Ka yi mini a dama, Malam Ilu, aikinka nake so, ba wanda zai ji." Na ce masa Mati zai gani, ya tafi wurin Nura.

Mati kuwa tuni ya warke da ɗingishi. Ya daina shiga ruwa, amma masu tarba suka mai da shi shugabansu, shi ke cewa wane ya tari wancan.

Wata rana na zo wucewa da jakata, Nura na zaune cikin abokansa, ya ɗaga murya. "Baba Ilu, shekara ta kusa zagayowa fa, jiragen dama ba su karya ƙafar kowa ba."

"Allah ya ci gaba da tsarewa," na ce. "Amma ni ina iya tsayawa a ruwa gaban aikina. Kai kana iya tsayawa gaban naka?"

"Ko yanzu."

"A'a. Ranar Laraba, da hantsi."

Ranar Laraba gaɓa ta cika, har Alhaji ya zo ya tsaya da lemarsa. Ni na fara. Na naɗe wando na shiga har cinya, na tsaya daidai gaban dutsen da ya karya Mati, na harɗe hannuwana a ƙirji. Ishaya ya taho da kaya har sun rufe benci. Ya ɗaga dama sama, "Barka da hantsi, Alhaji! Sannunku jama'a!" Hagunsa kuwa tana aikinta, ta dawo firi, ta ɗan taɓa ribas. Goshin jirgin ya zo ya dungure ni a hannu kamar akuya mai neman dusa, ya tsaya.

Nura ya naɗe nasa wandon. Yana da zuciya, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma kafin ya shiga ruwa ya ciro salula ya kira Sale, direban Alhaji, wanda ke tahowa daga tsallake. Na ji shi sarai: "Kada ka gai da kowa. Ko wa ka gani, ka riƙe liba."

A kan wani dutse kusa da ruwa Malam Haladu na zaune da sandarsa, yana jiran jirgin da zai kai shi gonarsa. Shi ne uban matar Sale. Ban kira shi ba. Amma na san ranar da yake tsallakawa, kuma ni na zaɓi ranar.

Sale ya matso. Ya ga Nura a ruwa, ya ga surukinsa a kan dutse. Daga inda nake ina ganin hannun damansa yana tashi daga kan liba yana komawa, sau biyu. Ƙarshe ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da sata, ya damƙe libar, ya tsayar da jirgin lafiya lau a gaban Nura. Samari suka ɗauki ihu, "Nura ya ci! Littafi ya ci!"

Malam Haladu ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa. Bai ɗaga murya ba, amma ihun ya mutu.

"Sale, yau ban kai a gaishe ni ba ke nan?"

Sale ya diro cikin ruwa da takalmansa, ya cire hula, ya tsugunna har ruwan ya kai masa ƙirji. "Baba, wallahi hana ni aka yi."

"Wa ya hana ka?"

Nura ya dubi ruwa. Sale ya gama gaisuwarsa tsaf, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafar tsohon, sannan ya juyo wurin maigidansa yana ɗiga.

"Alhaji, yau na iya, don an kira ni an gaya mini. Gobe wa zai kira ni?"

Sai Mati ya dafa sandarsa ya tashi. Ya dubi yaransa masu tarba, ba Alhaji ba. "Kun ji da kunnenku. Daga yau, duk jirgin da akwatinsa ke dama, mai shi ya shigo ya tari abinsa."

Alhaji ya naɗe lemarsa ya tafi. Bai ba ni haƙuri ba, har yau ma bai ba ni ba, kuma ban nema ba. Kwana biyar direbobinsa na kashe inji tun daga nesa suna ƙarasowa da sandar gora, tumatir na dahuwa a rana, motoci na tafiya su bar shi. Ran na shida na ji sallama a ƙofar gida. Nura ne, da akwatin jirgin Alhaji a hammata.

"Baba, ta ina ake fara kwancewa?"

Na karɓi akwatin na ajiye a zaure. Na ɗauko kujerar nan 'yar tsugunne na miƙa masa. Na ce ya je gindin ɗorawa ya zauna kwana uku yana kallon hannayen mutane, in ya dawo mu buɗe. Ya je. Yau shi ma a hagu yake ɗaurawa, kuma ya fi ni sauri.

To, samarin ɗorawa, kun fi Nura kusa da wurin kallo, a nan kuke wuni, sai dai idonku na kan salula. Wanda ya ce kebul biyu ne da noti huɗu, ya zo, zan ara masa sifana da faifai, ya ɗaura a duk gefen da ya so. In ya gama ya naɗe wando ya shiga ruwa ya tsaya gaban jirgin. Mati zai nuna masa dutsen.